Sunan Inna a Kan Allo

Malam Na'ibi bai taɓa cewa ba zai ba Sha'aibu 'yarsa ba. Bai kuma taɓa cewa zai ba shi ba. Tun da magabatan yaron suka zo daga Zurmi da goronsu, abin da ya ce musu ke nan, “Mu dakata tukuna mu ga hali.” Damina ta sauka, ta ɗauke, ana nan ana ganin hali.

Muhsina ta san abin da ke damun mahaifinta. Shi na'ibin limami ne a Ƙaura, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau aka sa shi cikin masu zagayen wa'azi, idon gari ya dawo kan gidansa. Sha'aibu kuwa ɗan makiyaya ne da ya ajiye sanda ya ɗauki burushi. A tasha Atis ake ce masa, wato mai zane. Shi ke rubuta jikin manyan motoci da allunan shaguna, tun daga Ƙaura har Shinkafi.

Rubutun nasa ma ba irin na kowa ba ne. Haruffansa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Wani ya yi ƙaton ciki kamar ya ƙoshi da fura, wani ya karkata ya jingina da ɗan'uwansa, lanƙwasar kan ƙ da ɗ kuwa sai ya ja ta ta tashi kamar ƙahon bijimi. Ja da ruwan ɗorawa yake so, ya bi gefe da baƙar inuwa. Ko wanda bai iya karatun boko ba, in mota ta wuce sai ya ce, “Hannun Atis ne.”

Da wannan hannun ya shiga ran Muhsina. Ita ke koyar da 'yan aji ɗaya a firamaren Sakajiki, shi kuma ya zo ya zana musu haruffa a bangon aji. Yaran da suka daɗe suna rikita b da d, cikin mako suka rarrabe, don ɗaya na da tumbi ɗaya na da ƙaho.

Bayan girbi Malam Na'ibi ya gama ginin da ya daɗe yana tattali, ajujuwa biyu a gefen gidansa, makarantar Islamiyya da sunan matarsa marigayiya Malama Sa'ida, mahaifiyar Muhsina. Ya aika aka kira Sha'aibu.

“An ce kai ne gwanin rubutu garin ga,” in ji Malam. “Ka rubuta mani allon makaranta. In ga aikinka.”

Kowa a gidan ya gane wannan ba aikin allo kaɗai ba ne.

Da Sha'aibu ya zo zance ranar, Muhsina ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

“Don Allah ka yi shi miƙe. Baƙi bisa fari, kamar na ƙofar sakatariya. Kada ka sa mashi wasan nan naka.”

Ya yi murmushi. “Malama, irin wancan rubutu na wanda bai san mutum ba ne. Na kwalbar magani ne da na haraji. Ba ni labarin Inna dai. Wace iri ce?”

Ba ta so ta biye masa ba, amma an taɓo mata wurin da ba ta iya yin shiru. Ta ba shi labarin matar da ke koya wa matan aure karatu a tsakar gida tana sa su dariya, wadda ba ta rabo da jan lalle, wadda ta fi son atamfa mai ruwan ɗorawa har Malam na yi mata tsiya. Ta yi ta zuba, har ta manta da gargaɗin da ta fara da shi.

Shi kuwa bai manta da ko kalma ɗaya ta labarin ba.

Ranar buɗe makaranta an kafa rumfa, an jera kujeru. Malamai sun zo daga Ɗan Isa da Banga, an samu baƙi daga ƙaramar hukuma. Mata suna can gefe bayan labule. Gwaggo Zulai, yayar Malam, ta zo daga Shinkafi tare da ɗanta Sadiƙ, jami'i a ofishin ilimi, wanda tun dawowar Muhsina daga kwaleji uwarsa ke yi masa kamun ƙafa.

Aka yi addu'a. Malam ya miƙe da kansa ya janye farin ƙyallen da ya rufe allon.

Layin sama, na Larabci, a nitse yake, baƙi bisa fari. Na ƙasa ma haka. Amma a tsakiya, inda sunan yake, SA'IDA ya fito da ja da ruwan ɗorawa, haruffan sun rungumi juna, ƙarshen kowanne ya nannaɗe kamar zanen lalle a tafin hannu.

Muhsina ta leƙa ta gefen labule. Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, har wata tsohuwa cikin ɗaliban marigayiyar ta ce a hankali, “Allah sarki Malama.”

Sai muryar Sadiƙ ta fito daga layin gaba. Bai ɗaga ta ba, da na kusa da shi yake magana, amma shirun wurin ya kai ta ko'ina.

“Wanga rubutu kamar na san shi. Ba shi ne ga bangon Mu Shaƙata ba?”

Mu Shaƙata wani gidan giya ne a bayan tashar jirgi. An rufe shi tun zuwan shari'a, amma sunansa na nan ɓaro-ɓaro a bango, ja da ruwan ɗorawa da baƙar inuwa. Sha'aibu ne ya rubuta shi shekarun baya, lokacin yana sabon buɗe shago. Babu wanda bai taɓa wucewa ta gabansa ba.

Wani saurayi a baya ya tuntsire da dariya. Wani ya kama. Wani dattijo ya ce, “Subhanallahi,” ya kawar da kai. Kafin a tsawatar, dariyar ta zagaye rumfar.

Malam Na'ibi yana tsaye da ƙyallen a hannunsa. Bai dubi kowa ba. Ya mayar da ƙyallen ya rufe allon, ya ce a ci gaba da karatu.

Kafin la'asar an sauke allon. Kafin magariba labari ya kai kasuwa, wai na'ibi ya rubuta sunan matarsa da rubutun mashaya.

Sha'aibu ya zo ƙofar gida ya yi sallama, aka ce Malam ba ya ganin kowa. Ya dawo washegari, haka. Sai ya hau babur ɗinsa ya bi hanyar Sakajiki, ya tsaya a gindin wata bedi har aka tashi yara.

Muhsina ta fito da littattafai a ƙirji. Da ta gan shi ta so ta wuce, ƙafarta ta ƙi.

“Malama, ki tsaya ki ji ni.”

“Mi zan ji? Ban roƙe ka ba? Ban ce maka ka yi shi miƙe ba?”

“Kin ce.”

“To mi yas sa?”

Ya sunkuyar da kai. Akwai sauran jan fenti a gefen farcensa.

“Na yi shi miƙe da farko. Wallahi na yi. Na jingine shi ga bango ina kallo, sai nig ga kamar allon maƙabarta. Na tuna matar da kika ba ni labari, mai dariya, mai lalle. Na ce wagga mata ba ta cancanci a rubuta ta kamar sanarwar asibiti ba. Na goge na sake.”

“Ka sake da rubutun gidan giya.”

“Da rubutuna, Malama. Shi ɗai gare ni. Shi na rubuta ma mai shayi, shi na rubuta ma yaranki ga bangon can. Wancan gida aiki anka kawo mani ina yaro, ban san inda za ya kai ni ba. Ban taɓa shan abin da suka sayarwa ba.”

“Na sani. Amma gari bai sani ba.” Hawayen da take riƙewa suka zubo. “Ka san Baba bai fita sallar asuba masallaci ba tun ranar? Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi. Uwata tana kabari, Sha'aibu, ba ta iya kare kanta, an sa sunanta bakin 'yan tasha. Jiya a mota wata mata da ba ta san ni ba take ba ni labarin, tana dariya.”

Ya runtse ido. “Na yi kuskure. Ba ko'ina aka sa irin wanga rubutu ba, yanzu na gane. Na ɗauka in abu ya fito daga zuciya, duk inda anka aje shi daidai ne.”

“Da ka ji maganata da yanzu ana zancen sa rana.”

“Hakanan ne.”

Wasu 'yan mata biyu masu tallan gyaɗa suka wuce suna waiwayensu.

“Abu guda zan tambaye ki,” ya ce. “Kahin Sadiƙ ya yi magana, kahin kowa ya yi dariya, da anka janye ƙyallen, mi kig gani?”

Ta juya masa baya.

“Malama.”

“Kada ka tambaye ni wannan.”

“Shi ɗai nika son sani. In kin ce kunya kij ji, in tahi, ba ki ƙara ganina.”

Ta amsa ba tare da ta juyo ba.

“Inna nig gani. Kamar ta leƙo tana dariya.” Ta share fuska da gefen hijabi. “To mi wannan ya amfana mana?”

Ta tsayar da motar mata da ta taho daga Banga ta shige, ta bar shi a gindin bediyar.

A gida Gwaggo Zulai ba ta koma Shinkafi ba. Ta ce ba ta barin ƙanenta cikin wannan hali. Ita ke kai masa abinci, ita ke fitowa da kwanon kamar yadda ya shiga, ta ajiye shi a gaban Muhsina don ta gani.

“Duba nan. Ko loma bai yi ba. Ke kin girma, kin yi boko, babu mai ɗaure ki ya kai ɗakin wani. Amma ki sani uba guda gare ki.”

“Gwaggo, ba da gangan yay yi ba.”

“Wanda ya taka ka da gangan da wanda ya taka ka bisa kuskure, duk ƙafarka ce ka ciwo. Yau sunan uwarki, gobe mi? Mutumin da bai san inda aka wasa da inda aka bari ba, shi za ki ba ragamar rayuwarki?”

“Sadiƙ ne ya fara maganar. Da ya yi shiru babu wanda za ya kula.”

Gwaggo ta ajiye muciya. “Ƙarya yay yi? Ba rubutun ba ne? Yaro ya ga abin kunya ya faɗa, shi ne laihi? Ke dai ki gode Allah har yanzu yana son ki, bayan gidanku ya zama abin zance.”

Sadiƙ da kansa ya zo ranar Asabar da sabon allo a bayan mota, baƙi bisa fari, an buga haruffan da kwali a Gusau, duk tsayinsu ɗaya. Ya sa aka kafa. Da ya ga Muhsina a soro ya sassauta murya.

“Ƙanwata, ban yi nufin abin ya kai haka ba. Baki ne ya riga ni.”

“Ka ji daɗin da ya riga ka, Yaya Sadiƙ,” ta ce, ta wuce ciki.

Ana haka sai ga Baffa Mudi daga Zurmi, ƙanen mahaifin Sha'aibu, dattijo dogo mai sanda da malfa. Ya bar Sha'aibu a waje ya shiga zaure shi kaɗai. Wannan karon Malam ya yarda ya fito. Ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa.

Baffa Mudi ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma.

“Allah gafarta Malam, ɗanmu ya yi ɓarna. Mu in saniyarmu ta shiga gonar mutum, ba mu gardama, zuwa muka yi mu duƙa. Yaron ga da hannunshi ya je ya shafe bangon gidan giyar can da farar ƙasa. Ya ce in kana so ya bar sana'ar, ya bari, ya koma ga shanu. Mun zo neman gafara, mun kuma zo jin matsayinmu.”

Malam ya ajiye carbinsa.

“Na yafe mashi, Allah ya yafe muna baki ɗaya. Amma zancen aure, ba ni ɗai abin ya taɓa ba. Sunan uwar yarinya ne anka taɓa.” Ya juya wajen ƙofar cikin gida. “A kira mani Muhsina.”

Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, Gwaggo Zulai na tsaye a kanta.

“Muhsina, ga baffan Sha'aibu. Ban taɓa yi maki dole ba, yau ma ba ni yi. Ke kin ga allon nan da idonki. In kin ce bai wulaƙanta uwarki ba, in kin ce abin da yay yi daidai ne, ki faɗa gaban dattijon ga, ni kuma in ba su ke, in toshe kunnena ga gari. Ki faɗi gaskiyar ranki.”

Maganar na nan a bakinta. Ta riga ta faɗe ta sau ɗaya a gindin bedi. Ta ɗaga kai don ta maimaita, sai idonta ya sauka kan mahaifinta, kan ƙasusuwan wuyansa da suka fito. In ta ce allon ya yi kyau, ta ce masa ke nan duk kwanakin da ya yi a ɗaki a banza ya yi su. Ta ce masa ita da baƙo sun fi shi sanin matarsa, a gaban wani baƙon.

Gwaggo ta dafa kafaɗarta, ta matsa.

Muhsina ta buɗe baki. Babu abin da ya fito sai kuka.

Aka jira ta. Baffa Mudi ya jira fiye da kowa, yana kallon ƙasa.

“To,” in ji Gwaggo Zulai, “ku malamai ku ka cewa shirun budurwa amsa ce.”

Baffa Mudi ya dogara sandarsa ya miƙe. “Mun ji. Allah ya sa haka shi ne alheri. Yarinya, kada ki yi kuka, ba ki yi laihi ba.” Ya sa takalmansa ya fita.

Ta ji muryarsa a waje yana magana da Fulatanci, gajeriyar magana. Ba ta ji amsar Sha'aibu ba. Ta dai ji an tayar da babur, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace wajen hanyar Zurmi.

Gwaggo ta koma ciki da sauri, har tana tuntuɓe, ta ce bari ta ɗora wa Malam ruwan kunu. Malam ya tashi ya shige ɗakinsa na karatu. Muhsina ta zauna a zauren ita kaɗai har kukan ya lafa. Sannan ta miƙe ta bi shi, abin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta.

Ta yi sallama ta ɗaga labule.

Yana zaune a kan buzu, ya ba ƙofa baya. A gabansa, jingine da akwatin littattafai, allon ne. Ita ta ɗauka an faskara shi an sa a murhu. Ga shi nan ko ƙura babu, jan da ruwan ɗorawan suna ɗaukar hasken taga.

Ta durƙusa.

“Baba, na yi shiru ne don kai. Amma allon ya yi kyau. Ban ga wulaƙanci ba. Inna nig gani.”

Bai juyo ba.

“Na sani,” ya ce. “Ni ma ita nig gani. Tun da anka kai ta ban ƙara ganinta ba sai ranar.”

“To Baba, don mi...”

“Don na tsaya gaban mutane ina kallonta, suna dariya, ban iya ce masu komi ba. Ba yaron nika jin haushi ba, Muhsina, haushin kaina nika ji. Da kin faɗi haka ɗazu, da kin fid da ni. Na ba ki ƙofa don ni ban iya buɗe ta da kaina.”

Ta dafa ƙasa.

“A aika a kira su. Ba su yi nisa ba, ko rabin hanya ba su kai ba.”

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja, gemunsa a jiƙe.

“Dattijo ya zo ya duƙa, an sallame shi gaban shaida. Bafillace bai dawowa ƙofar da anka rufe mashi.” Ya ja ƙyalle ya lulluɓe allon a hankali. “Kuma na riga na yi ma gwaggonki alkawari tun jiya. Na ce in na tambaye ki kin yi shiru, mutanen Shinkafi su zo nema ma Sadiƙ aurenki ranar Juma'a.”

Daga tsakar gida guɗar Gwaggo Zulai ta tashi, doguwa, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar abin da ya samu.